Yadda Na Kai wa Ya Fanna Tarwaɗa Bilma

Tun da na dawo daga Bilma ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na zauna, a ƙofar shagon Alhaji Lawali a kasuwar Diffa ko a gonar tattasai a Shetimari, sai wani ya gyara zama ya ce, "Alhaji Ari, wai da gaske ne ka yi taimama saboda kifi?" Na ba da labarin da Barbarci, na ba da shi da Hausa, na ba Bafulatanar da ke kawo mana nono da Fulatanci, kuma kowa ya tafi ya ƙara nasa. Jiya na ji ana cewa wai kifin ya yi magana a Agadas. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in huta.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Ya Fanna. Ita ta goye ni. Wani mai fataucin dabino da kantun gishiri ya aure ta, aka ɗora ta a raƙumi ta hanyar Gigimi zuwa Bilma tun ina saurayi. Sau biyu ta zo ganin gida, na ƙarshe ya fi shekara ashirin. Ni kuwa da na je Makka ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, na yi zaman Ikko da Kwatano da Garwa, ban taɓa taka garin da yayata take ba.

A ƙarshen damina, shekarar da farin dango suka dame mu, wasiƙa ta zo ta hannun masu dabino. Jikanta ya rubuta mata. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, abinci ba ya shiga. Ta ce a gaya wa Ari ta gode da bandar kifin da yake aikowa, amma ta gaji da tauna itace. Romon ɗanyar tarwaɗa ta kogin Komadugu take so, ko sau ɗaya, kafin a kira ta. A ƙasa kuma aka ƙara: "In ba zai yiwu ba kada ya wahalar da kansa, dama bai saba wahala dominmu ba."

Na kai wa maƙwabcina Mushe Kiari wasiƙar. Tsohon malamin lakkol ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, yana da taswirar ƙasa rataye a zaurensa. Ya sauko da ita, ya tsinko zare daga bakin hulata ba tare da ya tambaye ni ba, ya ɗora kai ɗaya a Diffa, ɗaya a Bilma.

"Ka gani? Arewa sak. Nasara suna kiran wannan tafiyar tsuntsu. A jirgin sama awa uku ce. Ka karya kumallo a gidanka, ka yi azahar a gaban yayarka."

"Ina zan samu jirgi, Mushe?"

Ashe ɗan ƙanensa yana aiki da masu yaƙi da fari, kuma ƙaramin jirginsu zai je Dirku ran Litinin da kujera ɗaya babu kowa. Daga Dirku zuwa Bilma kuwa tafiyar safiya ce. Ya ba ni zaren ya ce in riƙe. Na yi masa tambayoyi da yawa a ranar, har da ko ana iya yin alwala a sama, amma ban tambaye shi ko jirgin yana bin zare ba.

Na sa wani masunci a Asaga ya kamo mini tarwaɗa biyu, kowace kamu guda, masu rai. Muka yanke bakin wani bido rawaya, irin jarkar nan ta roba, muka ɗinke shi da buhu don ya riƙe sanyi, muka cika shi da ruwan kogi.

Kun san halinmu. Mutum ba ya tafiya shi kaɗai, da saƙon gari yake tafiya. Kafin Litinin duk wanda ke da ko da ɗan kishiyar gwaggo a Kawar, yankin Bilma, ya kawo nasa: buhun tattasai, ƙullin kuɓewa busassa, turaren wuta, tabarma. Amalanke guda muka kai filin jirgi. Matuƙin wani Bature ne siriri mai jan wuya. Ya dubi amalanken, ya dube ni, ya jawo sikeli irin wanda muke auna tattasai da shi, ya ce in hau. A Jidda an ƙirga mu, a Ikko an caje mu, amma ba a taɓa auna ni kamar buhu ba sai a garinmu, gaban surukaina. Aka mayar da saƙon kowa. Duk da haka nauyi ya yi yawa. Ya ce ko in rage ruwan bidon ko in bar jakata.

Na miƙa wa Mushe Kiari jakar. Na ce, "Awa uku ce. Me zan yi da riga biyu?"

Na shiga da buta, da carbi, da takarduna, da kifi.

Ni mutum ne da ya san gabas. Mai tafiya arewa da safe rana tana hannun damansa. Da muka tashi sai na ji ta a ƙeyata. Na taɓa kafaɗar matuƙin na gaya masa da Faransanci cewa ya ɓata hanya. Ya ɗaga abin kunnensa ya yi mini ihu cewa esansi, wato mai, zai sha a Damagaram, daga can sai Dirku. To, na ce, ko raƙumi ma yana ratsewa rijiya.

A Damagaram muna sauka aka kira shi ta rediyo. Fari sun sauka a yamma, ana son jirgin yanzu. Dirku sai wani mako, ko wani wata. Ya ba ni haƙuri da gaske, ya gaisa da ni, ya leƙa bidon ya sara wa kifin. Akwai taswira a bangon ofishin filin. Na fito da zaren Mushe Kiari na gwada, ko da yake taswirar ba girmansu ɗaya da tasa ba, sai da na ninka shi. Daga Damagaram zuwa Bilma ya fi daga ƙofar gidana nisa. Jirgin sama ya ɗauke ni ya ƙara mini hanya.

Na zauna a kan bidon na yi tunani. In na koma gida, ga surukan da suka ga an auna ni, ga kuma layin ƙarshe na wasiƙar nan. In na ci gaba, sai Agadas, sai hamadar Tenere, a mota. Na tashi na ɗauki bidon.

Na sauka gidan wan Alhaji Lawali a cikin Birni. Maigidan ya tafi Kano, matarsa Hajiya Rabi ta karɓe ni kamar ta shekara tana jirana. Na ajiye bidon a inuwa a tsakar gida, na fita masallaci, daga can na wuce tasha neman motar Agadas. Da na dawo aka shimfiɗa mini tabarma aka kawo tuwon shinkafa da romon kifi. Na ci, na nemi ƙari.

Na ce, "Hajiya, ashe Damagaram ma ana samun kifi haka? Kamar na wajenmu."

Ta ce, "Ai naka ne, Alhaji. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ɗayar mun bar ta sai gobe."

A wajenmu baƙo yakan miƙa tsaraba da hannunsa, ya ce ga ɗan abin da ba yawa. A gidan nan kuwa abin da baƙo ya ajiye a tsakar gida tsaraba ne, kuma ɗauka ake yi a yi amfani da shi nan take don a rage masa nauyin faɗa. Ladabi ne mai kyau, ban ce ba. Na yi mata bayani. Ta riƙe baki ta yi salati, sannan dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan turmi. Da ta farfaɗo ta ce, "Amma dai ka ji daɗinsa." Na ce haka ne. Da safe ta ba ni kilishi da alkaki, da wata rigar mijinta. Mijin gajere ne mai faɗi, rigar ta tsaya mini a gwiwa, ta kuma isa mutum biyu shiga.

A motar Agadas direba ya so a ɗaure bidon a sama da kaya. Na ƙi, na sa shi tsakanin ƙafafuna. Duk ramin da muka faɗa sai ruwa ya fantsama wa wata mata mai goyo da ke gefena. Ta haƙura har Tanut, sannan ta ce, "Baba, in wankan ne na yi a gida."

A wani shinge bayan Tanut jandarma ya leƙo yana duba takardu, ya ga wutsiya ta motsa. Na ji Hausarsa na gane ɗan bakin Kwara ne, sai na gaishe shi da Zabarmanci. Ya ce daga Gaya yake, shekara uku ke nan rabonsa da ganin ruwa mai tafiya. Ya tsuguna a ƙofar mota yana kallon tarwaɗar nan, mota cike da mutane, rana tana dukanmu. Can ya tashi ya ɗebo ruwa daga randarsu ya canza mata da hannunsa. Na ratsa iyakoki da yawa a rayuwata, an tsare ni don takarda, an tsare ni don goro, amma ranar ce aka fara tsare ni don kewa.

Kwana biyu muka yi a Agadas muna jiran babbar mota ta cika. Masaukin wani fili ne mai katanga, cike da samari masu zuwa Libiya neman aiki, na Gana, na Najeriya, na ƙasarmu. Abinci taliya ce da safe, taliya da rana, sai cuku mai tauri da ake jiƙawa a shayi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke da ruwa. A bakin Komadugu ruwa ba shi da mai shi, ko ɓarawo ya roƙa a ba shi. A nan kowane bido da sunan mai shi a jiki da fenti, kuma mutum ya fi yarda ka zauna a kan jakarsa da ka jingina da bidonsa.

Direban Batube ne, cikin Tubawan hamada, sunansa Wardugu, ba ya yawan magana. Ya ce kowane kai bido biyu, ba ƙari, don mota ba za ta ɗauka ba. Na ce mu biyu ne. Ya leƙa bidon kifin, ya ce, "Wannan ba kai ba ne." Ya dai yarda in hau da nata bidon, amma ruwan canji daga rabona.

Aka jibga kaya har motar ta zama tsauni, mu kuma a samansa kamar angulaye, ƙafafu na lilo. Wanda Allah ya haɗa ni kafaɗa da shi wani Ba'abzine ne dattijo, Ghali, mai zuwa Dirku wajen ɗansa. Mutanensu ba sa cin kifi, ko kallonsa ba sa so. Ya leƙa sau ɗaya ya ja rawaninsa har ido.

"Alhaji, wannan macijin mai gashin baki, ci ake yi ko magani?"

"Ci ake yi."

"Da gangan?"

Na gaya masa yayata ce tsohuwa zan kai wa. Ya yi ƙoƙarin matsawa, amma a can sama in ka matsa taki ɗaya ka bar motar.

Tenere ba zan kwatanta muku ba, don babu abin kwatantawa. Yashi ne, sai sama. Abin da ya dame ni shi ne tarwaɗa dole a canza mata ruwa kullum, in ba haka ba sai ya yi kauri ta fara juya ciki. Tsohon ruwan ma Wardugu bai bari a zubar ba, ya karɓa ya zuba a radiyeta. Daga ranar motarmu ƙarni take har Dirku.

Kwana na biyu muka kafe a yashi, muka yi rabin yini muna haƙa da tura faranti ƙarƙashin taya. Wardugu ya ce kowa ya kama ruwansa, rijiyar Ashegur ta ƙara nisa. Na lissafa nawa: na sha, na alwala, na kifi. Ba zai kai ba. Da azahar ta yi na juye ruwan butata a bidon, na dafa yashi na yi taimama.

Akwai wani matashi daga wajen Katsina, Malam Sani, wanda yake ja mana salla. Ya zo ya tsuguna gabana cikin ladabi.

"Baba, a gafarce ni. Ga ruwa a gabanka, kuma kana taimama?"

"Malam, ai littafi ya ce in akwai dabba mai rai da ke bukatar ruwan, an yarda."

"Wannan raƙumi ake nufi, Baba, ko jaki. Abin da ke sha. Kifi ba sha yake ba, zama yake a ciki."

"In an cire shi fa?"

"Sai a ci. Kifi ko ya mutu halal ne."

Nan da nan mota ta rabu biyu. Na Gana suka ce a fassara musu, na fassara da Turancin Ikko. Wasu Larabawa biyu suka ce su ma, na fassara. Wani Bafulatani ya kawo hujja mai ƙarfi a kaina, kuma da yake ni kaɗai ke jin Fulatanci a motar, ni na juya ta Hausa don kowa ya ji yadda na yi kuskure. Haka na yini ina kayar da kaina da harshe huɗu. Daga ƙarshe Wardugu ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce ruwan na tsohon nan ne, ya yi abin da ya ga dama, amma in ya ƙare kada ya kalli na kowa.

Kwana na uku ruwana ya ƙare. Na daren jiya na sha rabi na ba tarwaɗar rabi, na safe na ba ta duka. Da hantsi kaina ya fara juyawa, harshena kamar kilishin Hajiya Rabi. Rijiya sai la'asar. Buhun da ke jikin bidon ya bushe, ruwan ya yi ɗumi, tarwaɗar ta kwanta a gefe tana buɗe baki a hankali. Na cire rigar mijin Hajiya na yi mata rumfa da ita. A raina na ce shi ke nan, zan isa Bilma da bido fanko, in tsaya gaban makauniyar tsohuwa in ba ta labarin zare.

Da aka tsaya hutun rana Ghali ya fito da butar shayinsa kamar kullum. Ku sani Ba'abzine zai iya kwana biyu bai ci ba, amma shayin rana ba ya wuce shi. Ya cika butar, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya miƙo mini ya ce in sha. Na sha. Ya sake cikawa, ya kawar da kansa gefe, ya toshe hanci da rawani, ya miƙa hannu baya yana lalube har ya samu bakin bidon ya juye.

Ya ce, "Ba don wannan abin ba. Don tsohuwar. Kuma kada ka gaya wa kowa a Dirku."

Da aka zo salla sai na ga Malam Sani ya zo da butarsa, ya juye a bidon, ya dafa yashi. Na dube shi. Ya ce, "Akwai saɓanin malamai, Baba." Bayansa mutum shida suka bi. Wardugu bai ba da ko ɗigo ba, amma na lura da ya tashi motar ya ƙara wuta, kuma mun isa Ashegur kafin lokacin da ya faɗa. Ni aka bari na fara jan guga.

A Dirku muka rabu. Ghali ya gaisa da ni da hannun hagu, wai na daman ya taɓa bidon. Wata ƙaramar motar masu dabino ta kai ni Bilma, rana ta tara da barina gida.

Gidajensu da dunƙulen gishiri ake ginawa, in ka jingina rigarka ta yi fari. Na samu Ya Fanna a kan tabarma ƙarƙashin rumfar ganyen dabino, ta ƙanƙance har na kusa wuce ta. Na durƙusa na ce wushe, gaisuwarmu ta Barbarci. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta shafa gemuna.

"Ari. Ka tsufa. Kuma ƙarni kake. Wannan rigar ta wace ce?"

Na jawo bidon gabanta. Ta ji motsin ruwa, ta tsaya. Ta zura hannu, ta cafke tarwaɗar ta bayan kai, yatsu tsakanin ƙayoyin, yadda ƴan matan bakin kogi ke yi, kamar jiya ta bar Shetimari. Ta auna ta a hannu ta ce, "Ta rame. Ba ka ba ta abinci?"

Kafin a hura wuta unguwa ta cika gidan. Yara da yawa ba su taɓa ganin kifi mai rai ba, wasu manyan ma haka. Ta ƙi yarda surukarta ta dafa. Aka jawo mata murhu kusa da tabarma, ta yi komai da kanta a zaune, tana shinshina tattasai kafin ta zuba.

Sai na ga abin da ban yi tunaninsa ba. A Bilma, kamar wajenmu, abin da maƙwabci ya ji ƙamshinsa yana da rabo a ciki. Surukar ta fara fita da ƙananan kwanoni, wannan na gidan liman, wannan na mai jego, wannan na tsohon da ke ba su ruwan lambu. Kowane da ɗan yanki kamar yatsa. Ina ƙirgawa, kifin yana raguwa.

Na ce, "Ya Fanna, kwana tara. Na ƙetare Tenere da ita. Me ya rage miki?"

Ta jawo akushinta ta buɗe. Kan ne, gaba ɗaya, cikin romo ja. Ni kuma, tsohon sabo, na matso na miƙa hannu, don a gidanmu kan kifi na namiji ne. Makauniyar nan ta buge mini hannu ba ta kuskure ba.

"Tun ina ƴar shekara tara nake dafa kan tarwaɗa a gidan Baba. Baba ya ci. Da ya rasu kai ka ci, ina tsaye ina riƙe maka ruwan wanke hannu. Da na ce ina son kifi, ka zaci wutsiya nake nufi?"

Surukar ta ajiye mini kwanon dabino. Na zauna ina kallon yayata tana ɓare kan nan ƙashi ɗaya bayan ɗaya, tana tsotsa, tana jera su a gefen tabarma, tun bayan la'asar har inuwa ta cika gidan. Da ta gama ta ce a kawo mata tuwo ta shafe romon, surukar ta tashi da gudu. Ba ta ce mini bisimilla ba, ni ma ban jira ba.